Neman amsa-amo ga kalmar "good" a waƙar Ingilishi

Kalmar "good" tana cikin sifofin da suka fi yawo a bakin masu magana da Ingilishi, kuma duk wanda ya zauna rubuta waƙa da wannan harshe, ko ta karantawa ko ta rerawa, ba zai daɗe ba sai ya tarar da ita ta faɗo masa a ƙarshen ɗango tana neman abokiyar amsa-amo. A nan ne wahala take farawa, domin kalmomin da suka fi saurin zuwa zuciya, wato "food" da "mood" da "blood" da "flood", duk da kamannin rubutunsu da ita, babu ko ɗaya a cikinsu da ke amsa mata amo cikakke a bakin mutumin Landan ko na Amurka. Wasu daga cikin waɗanda ke amsa matan kuwa, irin su "should" da "could", ba su yi kama da ita a takarda ba ko kaɗan. Wannan kalma mai haruffa huɗu ta ishi mutum ya fahimci yadda amsa-amon Ingilishi yake aiki gaba ɗayansa.

Ya kamata a fara da ƙa'idar, musamman da yake ta saɓa wa abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi. A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce take ɗauke da amsa-amo, baƙinta da wasalinta tare, shi ya sa "aiki" da "doki" da "jaki" da "baki" suke zama lafiya a ƙarshen baitoci, kuma mawaƙi yana iya riƙe "ki" ɗin nan tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, saboda kusan dukkan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ingilishi ba ya lissafi daga gaɓar ƙarshe. A kowace kalmarsa akwai gaɓa guda da murya take dannawa fiye da sauran, kuma daga wasalin wannan gaɓa ake fara awo: dole wasalin ya zama ɗaya a kalmomin biyu, dole duk sautin da ya biyo bayansa har ƙarshen kalma ya zama ɗaya, sannan dole baƙin da ya gabaci wasalin ya bambanta. Sharaɗin ƙarshen nan kishiyar namu ne kai tsaye. Bahaushe zai ji "happy" da "copy" da "sleepy" ya ce amsa-amo ya cika, tun da duk da sautin "pi" suka ƙare, alhali Bature ba zai karɓa ba, domin a "happy" gaɓar farko ake dannawa, saboda haka sai kalma irin "snappy" ko "scrappy" ce za ta gamsar da shi.

Idan aka ɗora "good" a kan wannan ma'auni, abin da ake nema shi ne gajeren wasali mai kama da "u" ɗin da ke cikin "kuɗi", sai baƙin "d" a bayansa, da wani baƙi wanda ba "g" ba a gabansa. Kalmomi masu gaɓa ɗaya da suka cika wannan sharaɗi, waɗanda kowa ya sani, ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: "wood" da "hood" da "stood", sai "would" da "could" da "should". A cikinsu ma "wood" da "would" furucinsu ɗaya ne sak, don haka kowace tana amsa wa "good", amma idan aka haɗa su da juna maimaici ne kawai, kuma masu nazarin waƙar Ingilishi ba su cika ganin darajarsa ba, ko da yake a waƙar Faransanci ana ɗaukar irinsa ado. Dalilin wannan ƙaranci shi ne wasalin kansa ba shi da yawa a harshen. Kalmomin da ke ɗauke da shi kaɗan ne, mafi yawansu da "k" ko "l" ko "t" ko "sh" suke rufewa, kamar "book" da "full" da "put" da "push", kuma ba ya zuwa a ƙarshen kalma yana danne shi kaɗai. Idan aka gwada da sifa irin "bright", wadda take da "night" da "light" da "sight" da "white" da "fight" da "delight" da wasu da dama, za a ga cewa "good" matalauciya ce ƙwarai.

Talaucin ya fi haka idan aka duba ma'ana. Uku daga cikin shidan nan, "would" da "could" da "should", kalmomin taimakon aikatau ne, waɗanda a zance na yau da kullum suke zuwa a tsakiyar jimla ba tare da an danne su ba. Kafin su zauna a ƙarshen ɗango sai an gina jimlar ta yadda za a share aikatau ɗin da ke binsu, kamar a ce mutum ya yi iya abin da zai iya, ko kuwa bai yi yadda ya kamata ba. Wannan gini yana da daɗi a karo na farko, amma mai sauraron da ya ji shi sau da yawa yakan hango shi tun ɗangon bai kai rabi ba. "Wood" da "hood" kuwa suna jan waƙa zuwa daji ko zuwa hula, ko mawaƙin yana da niyyar zuwa can ko ba shi da ita, sai dai mawaƙan rap na Amurka sun samu sauƙi da yake "hood" a bakinsu tana nufin unguwa, wadda kuwa ita ce rabin abin da suke waƙa a kai.

Saboda haka ne ake komawa ga dogayen kalmomi, kuma a nan ma akwai hawa-hawa. "Understood" da "misunderstood" da "withstood" gaɓarsu ta ƙarshe ake dannawa, don haka amsa-amonsu da "good" cikakke ne ba tare da gardama ba, kuma "understood" ta sha aiki a waƙoƙin soyayya har ta gaji. A ƙasa da su akwai "neighbourhood" da "brotherhood" da "likelihood" da "Hollywood", waɗanda babban danninsu yake a gaɓar farko, amma da yake akwai gaɓa mai rauni a tsakiya, ta ƙarshen takan samu wani ɗan ƙarfi na biyu wanda ya isa ya riƙe ƙarshen ɗango. Mawaƙan Ingilishi sun daɗe suna karɓar irin wannan a matsayin cikakke. A ƙasa da waɗannan kuma akwai masu gaɓa biyu, "childhood" da "manhood" da "falsehood" da "firewood", inda gaɓa mai ƙarfi take manne da ta ƙarshe, ta danne ta. Sautukan duk suna nan daidai, amma nauyin ya karkace, kuma idan aka haɗa "good" da "childhood" sai mai karatu ya ji ana tilasta masa ɗaga gaɓar da harshen ya saba kwantarwa. A waƙar rerawa kiɗa yana iya ɓoye wannan karkata, a waƙar karantawa kuwa tana fitowa fili.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankali ita ce yadda aka yi "good" da "food" da "blood" suka zama da rubutu ɗaya da furuci uku. Amsar tana cikin tarihi. A Ingilishin zamanin mawaƙin Ingila Chaucer, wanda ya rasu a 1400, dukkan ukun da dogon wasalin "o" ake furta su, kusa da wanda ke cikin kalmar "doki", kuma ninka harafin da ake yi a rubutu alamar wannan tsawo ce. Daga nan sai dogayen wasulan harshen suka shiga wani babban sauyi wanda ya ɗauki ƙarnuka, daga wajajen 1400 zuwa 1700, sauyin da masanin harshe ɗan ƙasar Danmak, Otto Jespersen, ya raɗa wa sunan da ake kiransa da shi har yau, wato babbar ƙaurar wasula. A cikin wannan ƙaura dogon "o" ya hau ya zama dogon "u", kuma a wancan mataki ukun suna tare. Rabuwar ta zo ne daga gajartawa, wadda ba ta auka wa kalmomin a lokaci ɗaya ba. "Blood" da "flood" su ne suka fara gajarcewa, suka shiga sahun kalmomi masu gajeren "u" irin su "cut" da "mud". A ƙarni na 17, a kudancin Ingila, wannan gajeren "u" ya buɗe a yawancin kalmomi ya koma wani sauti mai kusa da "a", ya tafi da "blood" da "flood" tare da shi. "Good" da "stood" da "hood" da "book" sun gajarce ne a makare, bayan wancan ayari ya wuce, don haka suka tsaya a gajeren "u". "Food" da "mood" ba su gajarce ba sam. Rubutu kuwa bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ba, domin tun da William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476 siffar kalmomi ta fara daskarewa a takarda alhali baki yana ci gaba da tafiyarsa. Shi ma harafin "l" da ke cikin "could" ba asalinsa ba ne, an cusa shi ne domin kalmar ta yi kama da "would" da "should", waɗanda a da can ake furta nasu.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai karanta tsofaffin waƙoƙi. Shakespeare, a cikin gajerun waƙoƙinsa masu ɗango goma sha huɗu da aka buga a 1609, ya haɗa "blood" da "good" a ta 109 da kuma ta 121. Ɗalibin da ya karanta su da furucin yau zai zaci mawaƙin ya yi sakaci ne ko ya dogara da kamannin rubutu, alhali a zamaninsa kalmomin biyu suna iya amsa wa juna a kunne. Abin da ya faru daga baya shi ne mawaƙan ƙarnukan da suka biyo baya sun gaji wannan haɗi daga magabata, suka ci gaba da amfani da shi bayan furucin ya rabu, har ya zama abin da ake kira amsa-amon ido, wanda mai karatu yake gani a shafi amma ba ya ji. "Love" da "prove" ma haka labarinsu yake.

Sai dai cewa furucin ya rabu magana ce da take buƙatar a tambaya: a bakin wa? Buɗewar gajeren "u" ta ƙarni na 17 ba ta kai arewacin Ingila ba. Har gobe mutumin Mancesta ko Libaful yana furta "blood" da "mud" da "bud" da wasalin da yake furta "good" da shi, don haka a wurinsa haɗin Shakespeare cikakke ne, kuma jerin kalmomin da ke amsa wa "good" ya fi na mutumin Landan tsawo nesa ba kusa ba. A Sikotlan da Arewacin Ayalan kuma wani abu ne daban ya faru: wasalin "good" da na "food" sun narke sun zama ɗaya, ta yadda "pull" da "pool" ba su da bambanci a kunne. Masanin furuci John Wells, a aikinsa na 1982 kan karorin Ingilishi, ya ware waɗannan rukunoni uku da kalmomin misali, "foot" da "goose" da "strut", kuma hanya mafi sauƙi ta gane karin mutum a wannan fage ita ce a duba waɗanne biyu ya haɗe a cikin ukun, ko kuwa ya raba su duka. A Nijeriya ma batun yana nan. Masu Ingilishi da yawa a kudancin ƙasar ba sa raba wasalin "good" da na "food", kuma sukan furta "blood" da wasali mai kama da na "god", shi ya sa mawaƙin Legas zai haɗa "good" da "food" ba tare da ya ji wata tangarɗa ba, masu sauraronsa ma haka. Bahaushe, wanda harshensa ya riga ya raba gajeren "u" da dogo, yana da sauƙin riƙe wannan bambanci idan an nuna masa shi.

Wannan ne ya sa bai kamata a ɗauki ƙamus na amsa-amo a matsayin alƙali ba. Wanda John Walker ya wallafa a 1775, wanda ya daɗe ana sake buga shi, ya jera kalmomi ne bisa rubutunsu daga harafin ƙarshe zuwa na farko, tsarin da ke sa "good" da "food" da "blood" su zama maƙwabta alhali "should" tana can wani shafi. Manhajoji da shafukan neman amsa-amo na yau sun gyara wannan ta hanyar dogara da furuci, kuma da yawansu suna amfani da ƙamus na furuci da Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta tanada, mai ɗauke da kalmomi fiye da 130,000, wanda ya rarraba sautukan Ingilishi zuwa 39. A cikinsa ana rubuta "good" da G UH1 D, "food" da F UW1 D, "blood" da B L AH1 D, inda lambar 1 take nuna wasalin da ake dannawa, 2 take nuna ƙarfi na biyu irin na ƙarshen "neighbourhood", 0 kuma take nuna rauni. Aikin kwamfuta a nan mai sauƙi ne: ta nemo wasali mai lamba 1, ta yanke daga nan zuwa ƙarshe, ta tattaro duk kalmomin da yankinsu ya zo daidai. Amma furucin da ke cikin ƙamus ɗin na Arewacin Amurka ne, don haka jerin da mutum zai samu hukuncin kari ɗaya ne kawai, kuma ba zai taɓa nuna wa mawaƙin Mancesta "mud" a cikin cikakku ba, ko da yake a bakinsa cikakkiya ce.

Da yake cikakkun sun yi kaɗan kuma sun tsufa, yawancin aikin gaske yana wajen amsa-amo na kusa, wanda shi ma ba abu ɗaya ba ne, tazara ce mai matakai. Mafi kusa da "good" su ne "foot" da "put" da "soot". Wasalin ɗaya ne, kuma "t" da "d" a wuri ɗaya ake furta su, da tsinin harshe a kan hanƙa, ta hanyar tsayar da iska a sake ta, bambancinsu kawai shi ne "d" mai ziza ne, "t" kuwa marar ziza. Akwai wani ɗan bambanci na biyu da kunne mai kaifi yake ji, wato Ingilishi yakan gutsure tsawon wasali idan baƙi marar ziza ya biyo shi, saboda haka wasalin "foot" ya ɗan fi na "good" gajarta, amma a cikin rerawa wannan yakan ɓace. Mataki na gaba shi ne "book" da "look" da "took" da "cook" da "shook", inda har yanzu baƙin ƙarshe mai tsayar da iska ne, sai dai ya koma can bayan baki. Waɗannan sun fi amfani ga mawaƙi nesa, domin aikatau ne da sunaye masu ma'ana da yake iya gina ɗango a kansu. Daga nan sai waɗanda aka ƙara wa sauti, kamar "woods" da "goods" da "pulled" da "looked", sannan "full" da "pull" da "wool" da "push" da "bush", inda wasalin kaɗai ya rage, baƙin ƙarshen ya sauya iri gaba ɗaya.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda take riƙe baƙin ƙarshe ta saki wasali, kuma a nan ne "food" da "blood" suke samun gurbinsu na halal, tare da "road" da "bad" da "head" da "said" da "word". Emily Dickinson, mawaƙiyar Amurka da ta rayu daga 1830 zuwa 1886, ta yi amfani da irin wannan haɗi sosai, har waɗanda suka fara buga waƙoƙinta a 1890 suka riƙa gyara wasu daga ciki suna zaton kuskure ne. Wilfred Owen, sojan Birtaniya da aka kashe a 1918 kwana bakwai kafin a tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ƙara tsananta dabarar, yana riƙe baƙin farko da na ƙarshe duka yana sauya wasalin tsakiya kaɗai. Da tsarinsa abokan "good" za su zama "god" da "guide" da "goad", da kuma "guard" a bakin waɗanda ba sa furta "r" ɗinta. Tasirin wannan a kunne shi ne mutum ya ji kamar amsa-amo zai sauka amma ya goce, kuma wannan rashin cika alkawari ya dace da waƙoƙin yaƙi da fargaba da ya rubuta. Haɗin "good" da "god" yana da wani nauyi na ma'ana a waƙoƙin addinin Kirista, ko da yake kalmomin biyu ba su da asali ɗaya duk da kamanninsu.

A ganina kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne ɗaukar na kusa a matsayin abin da ake komawa gare shi idan an rasa cikakke. Zaɓi ne mai aikinsa daban. Cikakken amsa-amo yana rufe magana, yana ba kunne hutu, don haka ya dace da ƙarshen baiti, da amshi, da waƙar yara, da kuma barkwanci, inda saukar kalmar daidai take haifar da dariya. Na kusa yana barin ƙofa a buɗe, yana tura mai sauraro zuwa ɗango na gaba. Sannan wanne mataki na kusa za a ɗauka ya dogara da yadda waƙar za ta isa ga mutane. Mai rerawa yana jan wasali ne, baƙin ƙarshe kuwa sau da yawa yakan nutse cikin kiɗa, saboda haka a gare shi "good" da "look" sun fi "good" da "road" kusa, kuma mawaƙan rap, waɗanda suke jera wasula iri ɗaya a gaɓoɓi biyu ko uku a jere, a kan wannan suka gina sana'arsu. Mai rubuta waƙar da za a karanta a shafi kuwa yana da damar dogara da baƙin ƙarshe, har ma da kamannin rubutu, tun da idon mai karatu yana taya kunnensa aiki.

Akwai lokacin da duk waɗannan ba za su biya ba, kuma ƙwararru ba sa jin kunyar janye kalmar daga ƙarshen ɗango su mayar da ita tsakiya, su bar sunan da take siffantawa ya ɗauki amsa-amon, wanda dama shi ne tsarin jimlar Ingilishi na asali, sifa a gaba suna a baya. Wasu kuma sukan musanya ta da 'yar'uwarta mai dangi da yawa: "fine" tana da "mine" da "line" da "shine" da "sign", "best" kuma tana da "rest" da "west" da "chest" da "test". Sai dai musanyar tana da farashi, domin "fine" a bakin Bature takan nufi abin da ba shi da laifi kawai, "best" kuma ta ɗaga magana zuwa gasa da fifiko, alhali wanda ya ce mutum "good" ne sau da yawa halinsa yake yabo, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ke ɗaukar wannan ma'ana.